Saƙon da Likita Tamimu Bai Buɗe Ba

Akwai wani likita ɗan Damagaram mai suna Tamimu, wanda ya yi shekara goma sha ɗaya yana aiki a wani asibiti da ke unguwar Suwaidi, a Riyad. Direbobi da leburori 'yan ƙasarsu wajensa suke zuwa, domin shi ne zai yi musu bayanin ciwonsu da Hausa.

Daga baya ya ajiye aikin asibiti, ya koma ofishin Riyad na wani kamfanin Ulaya mai zuba jari a sababbin kamfanonin binciken magunguna. Shi ke tantance wanda ya cancanci a saka masa kuɗi. Ya samu ɗaukaka, sai kiran mutanensa ya fara yi masa nauyi.

Wata rana Malam Harouna, wani dattijon direba ɗan garinsu, ya kira shi.

"Likita, ƙafafuna ne suka kumbura. An yi mini gwaji, amma ban gane bayanin ba. Na turo maka hoton takardar."

"Malam, ai na bar duba marasa lafiya. Taro zan shiga, zan gani in na fito."

"To, Allah ya taimaka."

Bai duba ba. Taro ya bi taro, tafiya ta bi tafiya. Malam Harouna kuma ya ci gaba da tuƙi, yana tsoron kafilinsa, wato ubangidan da ya ɗauke shi aiki, ya ji labarin ciwon ya sallame shi.

Bayan mako shida aka kira Tamimu jana'izar Malam Harouna.

A bakin maƙabarta ya buɗe saƙon. Kallo ɗaya ya yi wa takardar ya gane ƙoda ce ke kasawa. Da ya gani a ranar, da kansa zai kai shi asibiti.

Salissou, ƙanen mamacin, ya matso ya kama hannunsa.

"Na ce ya sake kiranka, ya hana. Ya ce a ƙyale Likita, maganin da zai ceci dubban mutane yake nema, kada a dame shi saboda mutum ɗaya."

Tamimu ya durƙusa a wurin.

Darasi: Sauya aiki da neman ci gaba ba laifi ba ne. Amma ilimin da Allah ya ba ka amana ne, kuma minti ɗaya da ka hana mabuƙaci yana iya zama nadamar rayuwarka. Ku tura wa 'yan uwa, wataƙila wani ya buɗe saƙon da ke jiransa yau.