Faɗin Ƙofar Sarki Jatau

A wani zamani da ya shuɗe, ruwan sama ya rushe ƙofar birnin Sarki Jatau. Sarki ya kira Waziri Mantau, ya ce, "Ka tambayi jama'a irin ƙofar da suke so. In aka gina wani ya koka, rawaninka ya sauka."

Waziri ya sa aka yi shela kowa ya zo da hantsi. Amma da hantsi manomi yana gona, mai itace tana daji. Fada ta cika da 'yan dara da masu zaman hira, suka ce a yi ta ƙunci, don ta fi inuwa. Aka gina. Jakin farko da ya zo da mangala ya maƙale, sai da aka rushe gefe guda.

Waziri ya roƙi afuwa, ya tara shugabannin sana'a. Sarkin Noma, wanda rabonsa da fartanya tun yana saurayi, ya ce ba za a yi masa ƙofar da ta gaza faɗin da Madugu, shugaban fatake, ya nema ba. Kowa ya ƙara taku, har aka rasa ƙyauren da zai rufe ta. Awaki suka riƙa fita yawo.

Sarki ya ce, "Mantau, saura ƙiris."

Waziri ya kafa sanduna biyu a wurin, ya shimfiɗa tabarma. Cikin masu wucewa ya tsayar da ɗaya daga kowane iri: mai raƙumi, mai jaki, tsohuwa da ɗaurin itace, makaho, mai gadi, har da ɗan dara guda. Ya aika wa sarki ma, sarki ya ce yana hutawa, ya turo Shamaki, wani gajeren bafade. Kowa ya ratsa da kayansa, ana matsar da sanduna, ana gardama, har suka daidaita. Ɗan dara ya sami dakali a gefe.

Ran buɗewa sarki ya ce, "Ka ji kowa?"

"Ranka ya daɗe, ban ji kowa ba. Na ji irin kowa."

Sarki ya hau taguwarsa, wata doguwar raƙuma, ya nufi ƙofa. Saman ƙofa ya tuge masa rawani, rawanin ya faɗi ƙasa.

Waziri ya durƙusa. "Allah ya ba ka nasara, wakilinka ya wuce a ƙasa, ya ce tsawon har ya yi yawa."

Sarki ya dubi Shamaki, ya dubi rawanin, ya tuntsire da dariya. Bai koka ba, don shi ya turo Shamaki. Rawanin Mantau ya zauna a kansa, sarki kuwa har ya tsufa sai ya sunkuya yake shiga garinsa.