Ɗan Da Ya Mayar Da Mahaifinsa Bakin Aiki

Akwai wani mutum mai suna Falaniko, ɗan asalin Samoa, haifaffen unguwar Otara a kudancin Auckland. Yana cikin irin mutanen da ake nema idan za a gina filin shaƙatawa, su tsara inda jirgin wasa zai bi, inda duhu zai rufe, da inda yara za su ƙwala ihu iyayensu na dariya.

Wani kamfani ya ɗauke shi ya tsara musu ɓangaren tsibirai a sabon filinsu. A tsakiyar ɓangaren za a gina dogon kogo mai duhu, ruwa na gudu a cikinsa. Mutane za su shiga kwalekwale ruwa ya ja su, suna kallon yadda kakannin mutanen tsibirai suka ratsa teku da taimakon taurari.

Ranar da aka ba shi aikin har rawa ya taka a kicin. To amma murnar ba ta je ko'ina ba.

Kullum taro, kullum gyara. Shugaban aikin, wani Bature mai suna Mista Holt, zai kalli zane ya ce, "Ina dutse mai aman wuta?"

"Ai babu shi a labarin."

"Saka shi. Yara suna so."

Gobe kuma a kawo wasu dodanni masu manyan haƙora a ce a jera su a ƙofa. Falaniko ya ce, "Wannan ba namu ba ne, ni ban ma san na waye ba." Wani lokaci ya ci nasara, wani lokaci a danne shi. Haka aka yi ta ja, shekara ta zagayo, wata ta bi bayanta.

Bawan Allah ya rame, bayansa ya riƙe. Sau da yawa zai iso gida ya kashe mota, ya kasa fitowa, sai matarsa Lupe ta leƙo ta same shi ya kifa kai a kan sitiyari. A coci kuwa ko waƙar farko ba a gamawa yake fara gyangyaɗi.

Ku lura da wani abu, jama'a. Akwai gajiyar da ke sa mutum ya yi laushi, akwai kuma wadda ke kumbura kai. Ta biyun ce ta kama Falaniko. Ya fara ganin shi kaɗai ke ɗauke da mutuncin duk mutanen tsibirai a wuyansa, don haka babu mai gaya masa komai.

A ƙarshen kogon an tsara wani dattijo zai tsaya a bakin gaɓa yana yi wa kwalekwale maraba, mutum-mutumi ne na roba da ƙarfe, mai motsi da magana. Kamfani ya kawo wata fuska da aka ƙera ta da ka. Falaniko ya ce sam, a nan kam ba zai bari ba. Fuskar mahaifinsa za a sa.

Mahaifin nasa, marigayi Peniamina, shi ne mai magana da yawun danginsu. A taron biki ko na rasuwa, idan ya miƙe da sandarsa da izgarsa ta zaren kwakwa, kowa shiru yake yi. Amma abincinsa a masana'antar nama ya nema, cikin ɗakin sanyi, a tsaye tun yana saurayi har gwiwoyinsa suka ƙi ɗaukarsa. Da ya rasu aka kai gawarsa tsibirin Savai'i a can Samoa, aka binne shi a ƙofar gidan kakanninsa.

Falaniko ya tattara hotuna ya ba masu ƙira. Har zanen gado da aka tsaga a jikin tsohon, daga ƙugu zuwa gwiwa, sai da aka kwafe. Murya kuwa ya ciro ta daga bidiyon bikin ƙanwarsa, inda tsohon ya yi wa baƙi jawabin maraba.

Lupe ta ce, "Niko, ka gaya wa Gwaggo Fuatino?"

"Me zan gaya mata? Karramawa ce fa. Duk duniya za ta ga Baba."

"Ni dai na ce ka tambaye ta."

"Ubana ne ko nata?"

"Kafin ya zama ubanka ƙaninta ne. Ka san magana a kansa tata ce, yana raye ko ba ya raye."

"Don Allah Lupe ki bar ni. Na gaji da neman izini. A ofis izini, a gida ma izini? Ba-zata zan yi mata, za ki ga har kuka sai ta yi."

Lupe ta ɗauke kofin shayinsa da ya huce.

Da aiki ya kusa kammala, kamfani ya ba ma'aikata dama su kawo iyalansu gwaji. Gwaggo Fuatino, yayar marigayin, ta zo cikin farar rigarta ta coci da hula, tana dogara sanda, ɗaya hannun riƙe da kwanon gwaza da madarar kwakwa da ta dafo wa ɗan ƙaninta.

Ta ƙare wa bukkoki da itatuwan roba kallo, ta ce, "Wai nan ce Samoar taku? To ina karnuka? Ina kaji? Ko coci ɗaya babu, lallai arna ne mutanen garin nan."

Kowa ya kwashe da dariya, har Falaniko.

"Kuma ni tunda nake ban taɓa ganin kwalekwalen da za a biya kuɗi a shiga ya dawo da mutum inda ya ɗauke shi ba. Kama ni, kar in faɗa."

Ya riƙe ta suka zauna a gaba, Lupe a baya. Ruwa ya ja su cikin duhu. Can sai rufin kogon ya cika da taurari, iska mai sanyi ta taso, ana jin ƙugin teku. Tsohuwa ta ɗaga kai ta daɗe tana kallo.

"Wannan kam ka yi ƙoƙari, ɗan nan," in ji ta.

Daɗi ya kama Falaniko. A ransa ya ce, tukuna ma.

Kwalekwale ya sha kwana, haske ya buɗe kamar hantsi. Ga Peniamina tsaye a kan yashi, sanda a hannun dama, izga a kafaɗa. Ya juyo da kai, ya buɗe baki da muryarsa ta ainihi, yana yi musu maraba da sauka.

Gwaggo Fuatino ta damƙe hannun Falaniko har sai da ya ji zafi. Ba ta yi ihu ba. Ta sunkuyar da kai ta fara mayar da gaisuwa yadda ake yi, tana ambaton sarautar ƙaninta da sunan garinsu.

Ba ta kai rabi ba ruwa ya ja su gaba.

"Tsayar da shi, ban gama ba."

"Ba ya tsayawa, Gwaggo."

Ta waiwaya. Ta ga ƙaninta ya juya ga kwalekwalen bayansu, inda wasu ke cin gugguru suna ɗaukar hoto, ya fara musu jawabin daga farko, kalma da kalma.

Da suka fito sarari ta nemi benci ta zauna. Falaniko ya durƙusa a gabanta yana jiran yabo.

"Sau nawa yake wannan maganar a rana?"

"Duk kwalekwalen da ya zo, Gwaggo."

"Tun safe?"

"Har a tashi."

"Ranar Lahadi fa?"

"Ai ranar aka fi cika."

"To yaushe yake zama?"

Falaniko ya kalli Lupe, Lupe ta kalli ƙasa. Ya ce, "Ba a yi shi don ya zauna ba. An ɗaure ƙafafunsa da ƙarfe."

Tsohuwa ta gyaɗa kai a hankali. Ba faɗa ta yi ba, da ma faɗan ta yi da ya fi sauƙi.

"Ni na riƙa gasa masa gwiwoyi da ruwan zafi, lokacin kana makaranta kana koyon zane da kuɗin gwiwoyin nan. Ranar da ya cika na yi kuka, amma na gode wa Allah, na ce yau dai Peni zai kwanta. Muka sa shi a jirgi muka kai shi gida ya huta. Ashe kai kana nan kana nema masa sabon aiki."

"Gwaggo, roba ce fa da ƙarfe."

"Da muryar wa ta gaishe ni?"

Ya sunkuyar da kai, ta ci gaba.

"Muddin yana tsaye a ramin can, kar ka taka ƙofar gidana. In na mutu ma kar ka zo, ban san wane aiki za ka sama mini ba."

Ta ajiye masa kwanon gwazar a kan benci, ta ce Lupe ta kai ta bakin mota.

Kar ku ɗauka nan take ya sauko. Ina! Cewa ya yi tsofaffi ba su san zamani ba. Amma wayarsa ta yi tsit. Ƙanwarsa ta daina ɗauka. A coci ana gaishe shi, gaisuwar da ake yi wa baƙo. Gwaggo ba ta ce wa kowa ya guje shi ba, sai dai a dangi irin nasu wanda ta rufe wa ƙofa kowa ya san matsayinsa.

Wata safiya ya shiga kogon ana gwajin inji. Kwalekwale na wucewa ɗaya bayan ɗaya babu kowa a ciki, tsohon kuwa yana ta juyawa yana yi wa kujeru maraba. Wani makanike ya zo da gwangwanin mai ya durƙusa a ƙafar mutum-mutumin.

"Oga, gwiwar nan sai an riƙa zuba mata mai kullum. Duk nauyin a kanta yake, har ta fara ƙara."

Falaniko ya saurara, ya ji ƙarar. Ya zauna a kan yashin ya yi kukan da bai yi ba ko ranar jana'iza. Kunya ce ta rufe shi, irin wadda mutum ba ya son ko inuwarsa ta gan shi.

Daga nan ofishin Mista Holt ya nufa, ya ce a cire fuskar da muryar.

Baturen ya cire tabarau ya murza idanu. Shi ma a gajiye yake. "Ka san saura ƙiris a buɗe? Ka san wurin nan ne manya suka fi so a duk kogon? Kai da kanka ka kawo shi, ka sa hannu."

"Na sa hannu a kan abin da ba nawa ni kaɗai ba."

"Ba na son rigima da danginku a jarida, don haka za a cire. Amma ka sani, sunanka ba zai hau allon waɗanda suka yi aikin ba, kuma ba za su ƙara kiranka ba."

"Na sani."

Aka ƙera wata fuska, aka ɗauki ɗan wasa ya yi murya. Falaniko ya roƙi tsohuwar fuskar da sandar da izgar, ya naɗe su cikin farin ƙyalle, ya kwantar da ƙullin a cikin motarsa.

A wajen mutanen Samoa babban laifi ba a wanke shi da "yi haƙuri" ta waya. Mai laifi zai je ƙofar gidan wanda ya ɓata wa, ya zauna a ƙasa, a lulluɓe shi da lallausar tabarma ta gado. Ba zai yi magana ba, ba zai motsa ba, sai an zo an yaye. In an ga dama kuma a bar shi a nan.

Lupe ta karɓo tabarmar daga wajen mahaifiyarta. Gari na wayewa Falaniko ya zauna a kan ciyawar ƙofar gidan Gwaggo, matarsa ta rufe shi, ta zauna a gefensa.

Yayyafi ya sauko. Motar kwashe shara ta wuce. Maƙwabta suka tafi aiki, masu leƙe suka leƙa. Ƙafafunsa suka mutu, bayansa kamar zai tsage, ƙofa dai shiru. Rana ta ɗaga sosai kafin ya ji ƙwas, ƙwas, ƙarar sanda a kan siminti.

Muryarta ta zo daga samansa. "Ina yake?"

"Yana cikin mota, Gwaggo."

"A yaya?"

"A kwance."

Sai haske ya dake shi a ido, ta yaye tabarmar.

Ta daɗe tana kallonsa, ga ƙasumba, ga idanu sun faɗa. Ta ce, "Dube ka don Allah, kamar an tono ka. Aikin fa?"

"Sun sallame ni."

"To madalla. Tashi, shigo mini da ƙanina. Zan kai shi gida da kaina."

Ya yunƙura ya kasa, sai da tsohuwar da Lupe suka kama shi. Ya ɗauko ƙullin ya shimfiɗe a kan gadon Gwaggo, ya dawo falo ya jingina da bango yana jiran shayin da ta ɗora.

Kafin ruwa ya tafasa barci ya kwashe shi, baki buɗe. Lupe ta miƙa hannu za ta tashe shi, Gwaggo ta buge hannun.

"Ƙyale shi. A gidan nan wanda ya kwanta ba a tashinsa."

Darasi: Kyakkyawar niyya ba ta maye gurbin tambaya. Iyayenmu da suka rasu, da fuskarsu da muryarsu da sunansu, ba mallakar mutum ɗaya ba ne da zai yi ado da su yadda ya ga dama, komai iliminsa, komai wahalar da ya sha. Kafin ka ce za ka karrama wani, tambayi waɗanda suka san inda ke masa ciwo. In kuwa ka riga ka yi kuskure, sauke kai ka gyara ko da zai ci maka aiki. Ku tura wa 'yan'uwa da abokai, musamman wanda kuka san ya daina jin shawarar gida.