Sunan Jikar Farfesa Ɗalhatu

Ku gyara zama. Sau ɗaya zan faɗa.

A wata makarantar likitoci an yi wani dattijo, Farfesa Ɗalhatu, mai koyar da yadda ake ceto jaririn da aka haifa bai yi kuka ba. Ya tsufa a kan aikin. Ɗalibansa ba sa faɗuwa jarrabawa. Amma labari ya riƙa zuwa daga asibitocin ƙauye cewa jarirai na mutuwa a hannun waɗanda ya yaye. An matsa musu iska da jakar roba yadda ya koyar, ba su tashi ba.

Abin ya hana shi cin abinci, don 'yarsa Lubabatu tana aure a wani ƙauye hayin kogi, cikinta ya tsufa. Damina ta cinye gada, surukarta ta rantse ba za a sa mai ciki a kwalekwale ba. Likitan garin kuwa, Mudi, ɗalibinsa ne. Farfesa ya san akwai ɓaraka a koyarwarsa, bai san inda take ba. Waya na ƙara, gabansa ke faɗuwa.

A lokacin wasu malamai mata uku na sashensa sun dawo daga horo, inda aka koya musu binciken koyarwa kamar yadda ake binciken cuta. Da ma yana yi musu dariya, wai sun bar marasa lafiya sun koma auna allo. Yanzu ya kira su, ya ce, "Ku bincike ni."

Ta farko, Dakta Barira, ba ta tambayi kowa komai ba. Ta tuɓe farar rigarta ta zauna a bayan aji cikin ɗalibai. Ta ga 'yar tsanar roba da ake gwaji da ita guda ɗaya ce, kuma Farfesa kaɗai ke taɓa ta. Ba doka ba ce, kunya ce: wa zai miƙa hannu kan kayan Farfesa? In ya ce, "Kun gane?" sai aji ya amsa, "Mun gane, ranka ya daɗe." Haka aka yaye likitoci da ba su taɓa riƙe jakar ba sai ranar da rai ke gabansu.

Ta biyu, Dakta Shamsiyya, ta ce gani daga bayan aji ba hujja ba ne. Ta raba ɗalibai gida biyu. Wasu suka kalla kawai, wasu ta sa su matsa da hannunsu har yatsu suka gaji. Sannan ta gwada su, ta tsayar da Farfesa ya duba. A hannun masu kallo, har da gwarzon ajin, ƙirjin 'yar tsana bai motsa ba, iska na zurarewa ta gefen kumatu domin ba su san irin riƙon da ke toshe ta ba. Ta dube shi ta ce, "Baba, hannunka ya iya, amma bai taɓa gaya wa kowa ba." Ya nemi kujera ya zauna. Ba don gwajinta ba, da an san dai ɗalibai ba sa taɓa jakar, amma ba a san abin da za a gyara ba.

Ta uku, Dakta Asabe, mai tsoron ruwa ce tun tana yarinya. Farfesa kuwa, don tsufa, ƙafarsa ba ta kai shi bakin kogi. Ita ta goya 'yar tsanar da zani ta shiga kwalekwale, ruwa na dukan gefensa. Mai fito ya leƙa ya ce, "Hajiya, yaron nan naki akwai haƙuri." Ta ƙanƙame gefen kwalekwalen har suka haye. Ta isa, ta tsare Mudi da ungozomarsa har riƙon ya zauna musu a hannu, sannan ta wuce ƙauyukan gaba, don ba Lubabatu kaɗai ke da ciki ba.

Wata safiya Mudi ya kira. "Ranka ya daɗe, Lubabatu ta haihu, mace ce. Ba ta numfashi." Ya ajiye wayar bai kashe ba. Farfesa na jin fitar iskar jakar, yana jin salatin mata. Shirun jaririyar ya yi tsawo har ya fara Innalillahi. Can sai wani ɗan tari, sai kuka.

Uban jaririya ya aiko cewa ya bar wa kaka zaɓin suna. Farfesa ya ce sunan ɗaya daga cikin ukun nan za ta ci. Ga rago an ɗaure, ga liman na jira, shi kuwa ya rasa wadda zai zaɓa.

To, ku da kuka ji: Barira da ta gani, Shamsiyya da ta tabbatar, Asabe da ta haye kogi. Sunan wa za a raɗa wa yarinyar nan?