Kwalabe Biyu Marasa Takarda

An yi wani mutum a wani ƙauye da ke gabas da Ibohamane, a shekarun da suka biyo bayan babban fari. Ba zan faɗi sunansa ba, jikokinsa suna nan da ransu.

Mutanen garin nan, ya 'yan uwa, mutanen kirki ne, ina faɗa da alfahari domin na zauna cikinsu. Da hannunsu suka gina ɗakin magani. Maza suka kwaɓa laka, mata suka ɗebo ruwa daga rijiya mai gaba ashirin. Suka zaɓi mutumin nan, aka tura shi Keita ya yi horo na kwana goma sha biyar. A can aka gaya masa: kowane magani ya zauna cikin mazubinsa, da takardarsa mai suna da ranar lalacewa.

Ya dawo, aka fara ce masa likita. Kwana goma sha biyar fa! Amma tafiyarsa ma ta canza.

Wata rana Halidu, wani manomi da ya yi karatun yaƙi da jahilci, ya zo karɓar maganin zawo. Ya duba gwangwanin ya ce, "Likita, wanga kamar lokacinai ya wuce tun bara."

Gaskiya ya faɗa, kuma a gaban mutane. Mai tsoron Allah sai ya gode, ya zubar. Shi kuwa me ya yi? Ya ɓamɓare takardun duka ya ƙone. Ya juye ƙwayoyi da ruwan magani cikin kwalabe iri ɗaya, don kada wani ya sake karanta masa komai.

Tabawa, tsohuwar ungozomar garin, ta ce masa, "Ɗana, ran da ba ka nan hwa? Wa za ya gane su?"

Ya ce, "Inna, ni da ido nika sanin magani."

To, da damina ciwon ido ya shigo garin, ya kama shi. Idanunsa suka kumbura, ba ya iya buɗe su. Da hantsi mutane sun taru a ƙofar ɗakin maganin suna yi masa sannu, ya ce wa matarsa Saude ta ɗiga masa maganin ido. Ta tarar da kwalabe biyu, duk ruwansu baƙi-baƙi. Ɗaya na ido ne, ɗaya na ƙona gyambo.

"Malam, wacce ce?"

Ya lalluba ya ce, "Wagga."

"Warinta da ƙarhi. Bari in kira Inna Tabawa."

"Ke, ɗiga!"

Ta ɗiga a idon dama. Ya ji kamar an zuba masa garwashi. A take ya san ya yi kuskure. Ya 'yan uwa, a nan Allah ya bar masa ƙofa: ido ɗaya bai ƙone ba tukuna. Kalma ɗaya ce, "Na yi kure, ku kawo ruwa." Amma ya ji muryar Halidu cikin masu sannu. Sai ya cije ya ce, "Haka magani mai kyau yaka yi. Sa wa gudan."

Ta sa, tana kuka.

Ƙoramar da ke tsakaninsu da hanyar mota ta cika, sai bayan kwana uku aka kai shi asibiti. Bai sake ganin hasken rana ba. Ya yi shekara ashirin da wani abu ana ja masa sanda.

Garin bai bar ɗakin ya mutu ba. Suka haƙa rami suka binne kwalaben nan duka, suka damƙa mabuɗi ga Halidu da Tabawa. Duk maganin da zai fita, sai an karanta sunansa da ranarsa da ƙarfi, mai karɓa yana ji. Har daga ƙauyukan Bouza aka riƙa zuwa ganin tsarinsu.

Ku lura, jama'a. Idon farko kuskure ne ya ci shi, kuma kowa yana kuskure. Na biyun girman kai ne, da bakinsa ya ba da shi. Magani amana ce, ilimi ma amana ce. Wanda ya ɓoye sani don a riƙa durƙusa masa, ranar da zai buƙaci mai gyara masa ba zai samu ba.

Allah ya ba mu ikon cewa "na yi kuskure" tun da sauran ido ɗaya. Allah ya kiyaye mu, ya kiyaye zuri'armu. Amin.