Zabuwa Ta Ɓalle Daga Tarayyar Akurki

Ga ta nan, ga ta nanku.

Ta zo mu sha.

Zabuwa ta ɓalle daga tarayyar akurki tana cika baki: "Mun gaji da dokar Zakara. Daji ƙasarmu ce, za mu mulki kanmu."

Kaza ta ce, "To Yaya, wa zai kwanta miki kan ƙwai?"

"Ni da kaina mana."

Da damina ta zo, zaman ya gagare ta, sai ta lallaɓa ta cusa ƙwanta cikin na Kaza.

Kaza ta ƙyanƙyashe su duka. Ranar taron tsuntsaye Zabuwa ta yaudaro 'yan zabin da gara, tana cewa, "Ga 'yan ƙasata, ni na ƙyanƙyashe su."

Sai inuwar shaho ta gitta. Duk suka ruga ƙarƙashin fikafikan Kaza.

Kaza ta ce, "Yaya, da sauran wuri."

Zabuwa ta kasa ɗaga kai.

Ƙurunƙus kan kusu.