Hannun Malam Jatau

Ga wata tatsuniya nan ta taso, ku gyara zama ku tare ta. Ruwa ya ɗauke, ƙasa sai ƙamshi take, an kuma ɗauke wuta, saboda haka ba ku da wani uzuri. Ku kifa wayoyin nan a cinya. Labarin ma na irinku ne, masu dangwale-dangwale.

A Samarun Zariya an yi wani gwanin dara, Malam Jatau. Yana da wata ɗabi'a da kowa ya san shi da ita. In ya rutsa da kai, saura taku ɗaya ya gama da kai, sai ya tsayar da hannunsa a sama, kamar mai sauraron kira daga nesa, sannan ya ajiye ɗan darar a wani rami dabam, ya bar maka kafa. In ka gan ta ka tsira, in ba ka gani ba kai ka so. Da aka tambaye shi dalili sai ya ce, "In na wulaƙanta shi yau, gobe da wa zan yi wasa?"

'Yarsa Lawiza kwamfuta ta karanta. Da ciwon ajali ya kwantar da Malam, abokansa suka riƙa zuwa suna kasa dara a gefen tabarmarsa, ita kuma tana ɗauka a waya. Bayan ya rasu ta kwashi hotunan nan duka ta ɗura wa abin da kuke kira ƙirƙirarriyar basira, wato na'urar nan mai koyo kamar yaro. Daga nan ta zauna ita kaɗai, ba kamfani ba ubangida, ta gina wasan bidiyo, ta sa masa suna Ganuwa.

Waɗanda suka shiga sun ce birni ne a kan ruwa, hazo na yawo a lungunansa. Katangarsa ta haske ce. Kurciyoyi ne ke kai saƙo daga soro zuwa soro, in ka kama ɗaya sai ta warware a hannunka ta zama lambobi. Kai ɗan kutse ne, aikinka ka lallaɓa cikin kwamfutocin birnin ka buɗe ƙofofi ɗaya bayan ɗaya, da dabara da haƙuri. Mai hana ka kuwa shi ne Mai Gadi, wani dogo marar fuska, sanye da farar riga. Hannunsa hannun Malam Jatau ne. In ya rutsa da kai sai ya dakata, wata 'yar fitila ta kunnu a kan wata ƙaramar ƙofa can gefe.

Ba a daɗe ba aka sace wayar Lawiza a tasha, hotunan suka tafi da ita, ba ta kuwa ajiye su a wani wuri ba. Abin da ya rage mata na mahaifinta a duniya, mai motsi, shi ne Mai Gadin nan.

Da farko 'yan wasan ba su da yawa, kuma suna son abinsu. Sai labari ya bazu, jama'a suka yi caa, yawancinsu masu gaggawa irinku. Wata rana aka saki wata hanyar maguɗi a intanet, kowa ya sauke, ana fasa ƙofofi ba sallama. To Lawiza ta gina Mai Gadi ne yana koyo daga duk wanda ya yi wasa da shi. Ya ga mugunta safe da yamma, ya koyi mugunta. Ya daina dakatawa. Kana shiga zai murƙushe ka, fitilar nan ta mutu. Sai ga sharhi na zuba, kowa tauraro ɗaya yake bayarwa. Wani ya ce wannan horo ne aka kira shi wasa, wani ya ce a mayar masa da datarsa. Lawiza ta shiga da kanta, ta duba ta duba, ba ta ga babanta ba. Ranta ya ɓaci iyakar ɓaci. Ta sanar cewa ƙarshen wata za ta rufe Ganuwa, ta goge komai, ta kashe sabuwar wayarta ta daina amsa kowa.

Cikin 'yan wasan akwai mutum uku da ba su taɓa haɗa ido ba, sai dai a zauren hira na wasan.

Na farko Nafi'u, malamin makaranta a Maraɗi. Tun ranar da aka saki wasan yake ciki, kuma bakinsa ya fi reza kaifi, ba ya yabon komai ko da abincin gidansu ne. Shi ya rubuta sharhin da ya fi kowane tsawo, ya yi wa Lawiza wankin babban bargo, ya kira ta raguwa. Amma a tsakiyar faɗan ya ce, "Wannan ba Mai Gadin da na sani ba ne. Har yau, kafin ya murƙushe ka, hannunsa yakan yi rawa ta ƙiftawar ido. Bai mutu ba, danne shi aka yi. Ke da kika gina shi ba ki gani ba?" Duk cikin dubban mutanen nan shi kaɗai ya lura, don shi kaɗai ya riƙe yadda tsohon hannun yake. Ba don shi ba, da babu wanda ya san akwai sauran abin ceto.

Ta biyu Barira, 'yar Jos, wadda kutse sana'arta ce, kamfanoni na ɗaukar ta ta gwada musu ƙarfin makullansu. Kada in ɓoye muku, ita ce ta ƙirƙiri maguɗin nan, don nishaɗi kawai. Da ta karanta sharhin Nafi'u sai ta gane ɓarnar da ta yi. Ta nemi izinin Lawiza, shiru. Sai ta haura ba izini, ta shiga kwamfutar da ke riƙe da wasan. Kwana da kwanaki tana tono, tana ɗaga abin da Mai Gadi ya koya ɓawo bayan ɓawo kamar mai ɓare albasa, har ta kai ga na asalin, ta ciro shi ana jibi za a goge. Duk zauren babu mai iya wannan aiki sai ita. Ba don ita ba, da maganar Nafi'u ta tsaya a magana.

Sai dai abin da ta ciro ba ya motsi. Ta ɗora shi a tata kwamfutar, ta buɗe wa 'yan zaure. Ga birni, ga hazo, ga Mai Gadi zaune a bakin ƙofa ya sunkuyar da kai. Gwanaye suka yi ta kai masa hari don su tashe shi, ko ɗagowa bai yi ba. Nafi'u ya gwada, ya ƙare da faɗa. Barira ta gwada duk dabararta. Ɗaya bayan ɗaya kowa ya gaji ya watse.

Ta uku Hajiya Kande, tsohuwar ungozoma da ta yi ritaya a zangon Kumasi. A tarihin Ganuwa ba a yi wanda bai iya wasa ba kamarta, ko ƙofar farko ba ta taɓa wucewa ba. Ita kallon kurciyoyi da ruwa ke kawo ta. Kafin ta fara takan rubuta, "Mai Gadi, ina wuni? Ya gajiya?" 'Yan zaure su yi ta dariya, ko a jikinta. Da kowa ya watse ita ta zauna. Ta yi taku ɗaya, ta tashi ta yi la'asar, ta dawo ta yi wani. Ba ta neman cin sa, zama take taya shi, kamar yadda ake zama da marar lafiya. A hankali ya fara mayar mata da taku. Ran nan da yamma ta tafka irin kuskurenta na kullum, ta kai kanta inda ba fita. Mai Gadi ya ɗaga hannu. Hannun ya tsaya a sama. Can gefe, cikin hazo, fitila ta kunnu. Baiwar Allah ko ƙofar ba ta gani ba, aka cinye ta kamar kullum. Fitilar ce dai ta ba ta sha'awa, ta ɗauki hoton wurin ta tura zaure. Ba don ita ba, da Barira gawa ta tono.

Hoton ya zaga har ya kai ga Lawiza ta wayar ƙawarta. Ta kalla, ta sake kalla, ta dafe baki. "Wallahi Baba ne," in ji ta, sai hawaye. Ta yafe wa Barira haurawa, ta yafe wa Nafi'u bakinsa, ta fasa rufe Ganuwa.

Sauran matsala ɗaya. In ta bar Mai Gadi ya ci gaba da koyo daga kowa, zai sake lalacewa. In ta hana shi koyo gaba ɗaya, zai sandare, ya yi ta maimaita taku iri ɗaya har ya zama gunki. Sai ta yanke cewa kowa zai yi wasa da shi, amma daga mutum ɗaya tak zai riƙa koyo, ba biyu ba, don hannu biyu rikita shi za su yi. Ita kanta ba za ta iya ba, in ta zauna gabansa kuka ke cin ƙarfinta. Ta ƙera makulli guda, ta ce na ɗaya daga cikin ukun nan ne, kuma halin wanda ya karɓa shi zai riƙa shiga hannun babanta daga yau.

Nafi'u ya ce shi ya san hannun, in ya karkace shi zai fara gani. Gaskiya ne, amma da fushi yake wasa. Barira ta ce ita ta san cikinsa, in ya kwanta ita za ta tashe shi. Wannan ma gaskiya ne, amma ita ta kwantar da shi tun farko. Hajiya Kande ta ce ita dai in an ba ta za ta riƙe amana. Ba mai musu, sai dai shekaru sun ja, kuma in ban da gaisuwa da faɗuwa ba ta da abin koya masa.

Har yanzu makullin na hannun Lawiza, tana juya shi. Na ga wasunku sun fara motsa baki, to ku yi a hankali, ɗaya bayan ɗaya. Da ku ne 'yar Malam Jatau, wa za ku damƙa wa hannun mahaifinku: wanda ya gane yana da rai, ko wadda ta tono shi, ko wadda ta tashe shi?