Makullin da Ya Wuce Gwana

Akwai wata yarinya, a gidansu Gwana ake ce mata. Kar ku tambaye ni wace ce, ni dai labari nake ba ku.

Gwana tana cikin masu aikin sa kai a wata manhajar hira, irin wadda ba ta mutum ɗaya ba ce, kowa zai iya sa hannu ya gyara. Ita aikinta ta gwada sabon gyara a wayarta, ta faɗi inda ya lalace. Ta daɗe a ciki. Babban burinta shi ne mai kula da aikin, wanda suke kira Babban Yaya, ya ba ta makulli, wato ita ma ta riƙa duba gyaran mutane kafin a sa shi a manhajar.

Ana nan sai Auta, 'yar ƙanwar mamanta, ta zo zama gidansu. Ɗaki ɗaya, katifa ɗaya, cajar waya ma ɗaya. Auta ta leƙa abin da Gwana take yi, ya burge ta, ita ma ta shiga zauren da masu aikin suke tattaunawa a waya.

Tun da ta shiga take jero tambayoyi. "Ni ban iya komai ba, akwai abin da zan yi?" "In na ɓata abu za a kore ni?"

Babban Yaya ya rubuta, "Madalla da baƙuwarmu. Tambaya ma aiki ce."

Gwana ta karanta. Ita duk wahalar da ta sha, ba a taɓa ce mata madalla a gaban mutane ba.

Suna wanke-wanke Auta ta ce, "Yaya, na tambaya a zaure ya ake kai rahoton matsala. Kin gani kuwa?"

"Na gani."

"To ki amsa min mana."

"Ni wa ya koya min? Ke dai ci gaba, rediyo mai jini, tunda ana tafa miki."

Daga nan duk tambayar da Auta ta yi, Gwana ta san amsar amma ta yi gum. Wani mai gyaran waya a zauren, Mai Waya suke ce masa, shi yake amsawa. In abu ya fi ƙarfinsa sai ya ce, "Ƙanwata bari in tambayo miki."

Ranar da za a ba da makulli, Babban Yaya ya ce Mai Waya aka ba.

Gwana ta bi Babban Yaya ta gefe da saƙo. "Yaya me na yi? Na fi shi sanin aikin nan fa."

Ya ce, "Kin fi shi, babu musu. Amma mai makulli da baƙi yake wuni. Kin manta zauren yana nuna wanda ya karanta saƙo? Ke kike fara karanta tambayar yarinyar nan kullum, ki wuce."

Gwana ta kifa wayar a kan filo.

Sai ga Auta ta shigo da fara'arta. "Yaya, wai Mai Waya ya ce abin da ya gagare shi ke zan tambaya, duk zauren ba kamarki."

Gwana ta kasa haɗa ido da ita. Can ta matsa gefen katifar ta ce, "Zo zauna. Miƙo wayar."

Darasi: Hassada ba ta rage wa wanda ake yi wa komai, mai yin ta take yi wa asara. In baƙo ya tambaye ka abin da ka sani, ka faɗa masa, ba ka san wa yake kallon ka ba. Don Allah ku tura wa 'yan uwa, wata ma ta gyara.